Kazar da Kaka ta Fige

Idan ɗari ya shigo ƙauyenmu, can kusa da Tsarnawa, ba sai an kira yara zuwa ƙofar ɗakin Kaka ba. Ana idar da sallar magariba, a ci tuwo, sai ka ga kowane yaro ya taho da ɗan karansa a hannu, don Kaka ba ta yi wa mai zuwa hannu rabbana tatsuniya. Takan ce wutarta ba gaisuwa take ci ba. Mukan kewaye wutar, gabanmu ya gasu, bayanmu ya daskare, muna ture-ture a kan wa zai zauna kusa da ita. Ita kuwa tana kan 'yar kujerarta, ta lulluɓe da tsohon zane, tana tsokanar wanda majina ta zubo masa da wanda ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Ni ba na shiga ture-turen, domin a ɗakinta nake kwana, kuma a shekarar da nake ba da labari ina da aiki a gefenta kowace yamma.

Ƙarshen shekarun tamanin ne, ban fi shekara bakwai ko takwas ba. Innata ta rasu da damina, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Babana direban babbar mota ne mai kai albasa daga Galmi zuwa bakin teku, ba ya zama gida, saboda haka aka kawo ni wajen mahaifiyar innata. A amalanken jaki aka ɗauko ni, ni da ƙunshin tufafi da tukwane biyu da kaza guda a cikin kwando. Kazar nan innata ce ta raine ta tun tana 'yar tsako, a tafin hannunta take cin tsaki. Launinta baƙi da fari ne ɗigo-ɗigo, irin wanda ake kira wake-wake, kuma da haka muke kiranta. Tufafin an raba, tukwanen sun shiga cikin na gida sun ɓace. Wake-wake kaɗai ta rage mini daga cikin abin da hannun innata ya taɓa.

Innata ita ce 'yar farin Kaka. Wanda ya tashi a wajenmu ya san nauyin wannan. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Ko innata tana da rai, idan Kaka za ta yi maganarta sai ta ce "waccan ta gabas", saboda gabas da mu aka kai ta aure. An ce ranar da aka kawo labarin rasuwar mata suna ta kuka a tsakar gida, ita tana zaune tana ɓarar wake, har tsofaffi suna yaba kunyarta. Bayan na zo ba wanda yake ambaton innata a gabanta, ni ma sai na koyi yin shiru. A raina na ɗauka tsohuwar nan ba ta damu ba ne, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ana gama girbi Wake-wake ta fara lalacewa. Da farko susa ce, ta tsaya tana ta caccakar jikinta da baki. Sai gashin wuyanta ya fara zuba, na baya ya bi, har fatar ta fito fili, ja, da ɓawo-ɓawo. Ƙafafunta suka yi kaushi suka tsattsage. Sauran kaji da suka ga jan nama suka dinga kai mata sara, zakara kuma ba ya raga mata. Yaran gidan suka sa mata waƙa suna kiranta ungulu. Na yi dambe da Sani ɗan Kawu Idi a kan wannan, ya fi ni ƙarfi, amma na bar masa shaidar haƙora a hannu.

Wata yamma Kaka ta sa na kamo ta. Ta ce da magariba kaza ba ta gardama. Ta ɗora ta a cinya kusa da hasken wuta, ta ɗaga fiffikenta.

"Riƙe mani ƙahwahunta, Habsu, kar ki matse," ta ce. "Dubi nan. Ƙuma na, ba wani abu ba. Su ka shan jininta, ita ko tana hige kanta don ƙaiƙai."

Na duba, sai ga wasu ƙananan abubuwa suna gudu a kan fatar. Tun daga ranar aikinmu ya kama. Da safe Kaka ta kwashe tokar wutar jiya, ta tabbatar ta huce sarai, ta tankaɗe ta da rariya. Da yamma ta shafa tokar a ƙarƙashin fukafukai da gindin wutsiya, tana buɗa gashin da yatsa a hankali. Ta dafa ganyen dogon yaro, ruwan ya yi ɗumi-ɗumi, mu tsoma ƙafafun a ciki har kaushin ya yi laushi, sannan ta shafe su da man kaɗe, ta ɗan goga kaɗan a inda fatar ta tsage. Ta ƙone tsohuwar ciyawar akurki, ta turara cikinsa da ɗanyen ganye har hayaƙi ya sa mu tari. Wake-wake kuwa aka raba ta da sauran kaji, ta koma kwana a ƙarƙashin kwando a gindin gadon Kaka, don kaza marar gashi ba ta jure ɗari. Ni aka ɗora wa neman gara. In cusa kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife ta a bakin suri, washegari in ɗauko ta cike. Kaka ta ce gashi ba ya tsirowa da dusa kaɗai.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce a shafa mata kalanzir a huta, haka kowa yake yi. Kaka ta ce, "Kalanzir na hitila na. Hwatar da ta riga ta yi rauni ba a ƙara mata wuta." Matar ta tafi tana cewa tsufa ya fara taɓa Kaka, tunda ga ta tana ɓarnar man kaɗe a ƙafar kaza alhali nata ƙafafun duk faso.

Saboda haka duk tatsuniyoyin wannan ɗarin da kaza a cinya aka yi su. Kaka tana da nata salon buɗewa. Takan ce, "Ga wata baƙuwa tsaye bakin zaure." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, an shimfiɗa mata." Akwai guda da ta yi mana a lokacin, wadda ban taɓa ji a bakin kowa ba, kafin nan ko bayan nan.

Ta ce a zamanin da, kaza tana tashi sama kamar kowane tsuntsu, kuma a kan wata babbar tsamiya take kwana tare da su. Sai ta yi ƙwanta na fari a wata shekara mai mugun ɗari. Ta nemi ciyawa mai laushi da za ta shimfiɗa masa, ba ta samu ba, awaki sun cinye. Da ta ji ƙwan yana sanyi, sai ta sa baki ta fige gashin ƙirjinta ta kewaye shi da shi, ta kwanta ta manna masa fatarta. Gari ya waye, hankaka ya ga ƙirjinta ja babu gashi, ya bi reshe-reshe yana faɗin kaza ta kwaso ƙazuwa, za ta shafa wa kowa. Aka kai ta gaban gauraka, shi ne babbansu. A nan Kaka takan ja wuya ta yi murya mai kauri: "Ke kaza, mi yac ci ƙirjinki?" Sai ta sunkuyar da kai ta nuna mana yadda kaza ta yi. Gauraka ya tambaya, ya sake tambaya, kaza ba ta ce uffan ba, domin ƙwan fari ne, ba a maganarsa a gaban manya. Aka yanke cewa ta sauka ƙasa, kada ta ƙara hawa tsamiya. Ta sauka, ƙwan yana can sama, iska ta kwashe gashin ta watsa.

"Shi ya sa har yau take tonon ƙasa," in ji Kaka, "gashinta take biɗa. In kuma ta sha ruwa kun ga tana ɗaga kai sama, tsamiyar take dubi. Nan baƙuwa tag gaji, tat tashi."

Muka yi ta dariya. Sani ya ce wannan kaza wawuya ce, ai da sai ta faɗa. Kaka ta ci gaba da murza man kaɗe a ƙafar Wake-wake, ta ce, "Ku yara, magana ba ta yi muku nauyi ba tukuna."

Kafin ɗari ya fita aikin ya yi kyau. Ɓawon ya zube, jan fatar ya kwanta. Sai wasu tsinkaye suka tsiro a bayanta kamar ƙaya, na tsorata na ce wani ciwon ne, Kaka ta yi mini dariya har da tari. A hankali tsinkayen suka buɗe suka zama gashi, baƙi da fari, ya fi na da sheƙi. Ga gara, ga tsaki, ga hutu, Wake-wake ta yi ɓul-ɓul, ta koma cikin kaji tana tafiya da ƙasaita. Duk gidan babu kamarta. Kawu Idi yakan tsokani Kaka ya ce ta buɗe asibitin kaji a bakin hanya.

Kawu ƙanen innata ne, shi ne mai gidan. Yana Ikko aka yi rasuwar, sai bayan girbi ya dawo, ya sayi kaji da zabi yana son ya yi kiwo. Mutum ne mai sauƙin kai, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Abin da ya sani kawai shi ne akwai wata kaza da ake ce wa ta Habsu. Bai san daga inda ta fito ba, kuma a gidan da ba a ambaton innata babu wanda zai gaya masa.

Sai aka aiko cewa babana zai biyo da mota, zai kwana a garinmu. Wannan ne zuwansa na farko tun bayan zaman makoki. A wajenmu suruki ba ya kwana a gida ba a yanka masa kaza ba, kuma ba kowace ake kamawa ba, sai wadda ta fi. Ina rijiya lokacin da Kawu ya tsaya a ƙofar Kaka ya ce gobe za a kama wake-waken nan, ya sayo wa yarinya wata ranar kasuwa. Kaka ta ce to.

Washegari da hantsi, babu lakwal a ranar, wato makarantar boko, na nemi Kaka a ɗaki ban gan ta ba. A bayan rumbu na same ta durƙushe, Wake-wake a tsakanin gwiwoyinta, tana fige ta da rai. Gashin nan da muka yi ɗari guda muna jira, shi take tsigewa daga wuya da baya tana cusawa a cikin zanenta. Kazar ko ƙara ba ta yi sosai, ta saba da hannun. Na saki kuka na riƙe mata hannu.

"Sake ni, ɗiyar ga," ta ce a hankali. "Kawunki ya ce ita za a yanka ma babanki. Ba a yanka ma suruki higaggiyar kaza. Kin gane?"

Na ce to ta gaya wa Kawu mana, ta ce masa ta innata ce. Ba ta dube ni ba. Ta jiƙa toka da ruwa ta dinga dangwala wa fatar don ta yi kama da ɓawo. "Ki yi shiru da bakinki," ta ce. "Gashi na, yana komowa. Mu da munka san hanya."

Dabarar ta ci. Kawu ya zo da wuƙa, ya ga kazar, ya yi salati ya ce ashe ciwon bai tafi ba. Aka kama wani jan zakara. Babana ya iso da la'asar da burodi da takalman roba ja, na manne masa har barci ya ɗauke ni a jikinsa. Kaka ba ta fito ba, ta bayan asabari suka gaisa kamar yadda aka saba tsakanin surukai. Amma da yammar nan, kafin in koma wajen babana, ta yi mana wata tatsuniya ta ban dariya, ta yi ta kwaikwayon muryoyi, har ta ƙifta mini ido.

Da safe na tafi lakwal da sababbin takalmana. Abin da ya faru bayan fitata daga baya na ji shi. Babana ya zo sallama, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka, Kawu yana tsaye a gefensa. Sai ga Wake-wake ta gitta, wuya tsirara, baya duk busasshiyar toka. Kawu ya dube ta, ya dubi kajinsa da zabinsa suna kiwo kusa da ita.

"Iya," ya ce, "kazar ga ba ta tashi. Kin yi iyakar ƙoƙarinki, ga shi ciwon ya komo. Bari in yanka ta tun tana da rai, kar ta zama mushe, kar kuma ta shahi sauran."

Babana ya ce gaskiya ne, ciwon kaji ba a wasa da shi. Da a ce da gashinta ya gan ta, wataƙila ya gane kazar matarsa, don ya sha ganinta a tsakar gidansa. Amma abin da ya gitta gabansa ba ya kama da komai.

Magana biyu ce za ta ceci kazar, kuma kowace ta fi ƙarfin bakin Kaka. Ko ta ce ita ta fige ta don kada a yanka wa baƙo, ga baƙon durƙushe a ƙofarta yana ji. Ko ta ce ta 'yarta ce, 'yar fari, a gaban mijin 'yar. An ce daga bayan asabarin sai ta ce, "Ku kun san abin da ya dace."

Da na dawo da rana motar babana ta tafi, gidan yana ƙamshin romo. A gindin katanga na ga ragowar gashin da ƙafafu biyu, sumul, babu kaushi ko kaɗan. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne innata, don a lokacin ban gane ba. Kawu ya rikice, ya yi ta lallashina yana cewa kaza ce fa, zai sayo mini biyu. Kuma ya cika alkawari, ya kawo sagara biyu daga kasuwar Badaguishiri, ban taɓa ba su ko ƙwayar tsaki ba. Kaka ba ta ci abincin ranar ba, ta ce haƙori ke damunta.

Da magariba yara suka taho da karansu. Ta fito ta zauna, aka hura wuta, muka yi ta jira. Can ta ce, "Yau baƙuwa ba ta zo ba. Ku ji ɗumi ku tahi." Suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na ga ƙwaryar toka a gefen kujerarta, ashe da asuba ta tankaɗe ta, tana shirin mu sake farawa. Ta jawo ni ta ɗora ƙafafuna a cinyarta, ta lakato man kaɗe tana shafa mini a inda sababbin takalma suka ci ni. Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a ƙafata, ban ɗaga kai na duba ba, don na san ba za ta so ba.

Ta ci gaba da tatsuniya bayan wasu kwanaki, amma ba ta ƙara yin ta kaza da tsamiya ba. Ta rasu ina gab da gama firamare.

Na yi aure, na haihu, kafin in gaya wa Kawu. Ya tsufa a lokacin, ido ya fara rauni, muna zaune a zaurensa sai hira ta kai mu ga kaji. Na ba shi labarin tun daga amalanke har bayan rumbu. Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Mi ya hana ta hwaɗi?" ya ce. "Kalma guda, Habsu. Da na gina mata akurki nata ita kaɗai." Sai ya ce shi ya ci cinyar kazar, har ya yaba daɗinta. Ya rufe fuska da hular ya yi kuka, dattijo mai jikoki.

Ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar nan ta koya mana kunya ce. Da na ɗan girma na koma ganin Sani ya yi gaskiya, wautar kaza ake nunawa. Yanzu ba na ganin ko ɗaya. Ina ganin tsohuwa ce da 'yarta ta mutu, al'ada ta hana ta kuka, ta hana ta ko kiran suna, sai ta tara yara a bakin wuta ta faɗa musu abin da ke cinta ta hanyar da aka yarda mata, mu kuma muka yi dariya. Ba na zarginta, haka aka raine ta, kuma ta riƙe abin da aka ba ta har kabari. Amma har yau idan na tuna ta durƙushe a bayan rumbu, zuciyata takan yi ciwo kamar jiya ne.

'Yata ta fari mace ce, mijina ya yi mini kara ya sa mata sunan innata. A al'ada nauyi biyu ya hau kaina, ga 'yar fari, ga sunan uwa, ya kamata in nema mata laƙabi in ɓoye a bayansa. Ban nema ba. Tsofaffin unguwarmu suna cewa Habsu ba ta da kunya, kuma ina jin su. Wani lokaci tana wasa a waje, ba abin da zan aike ta, sai in tsaya a bakin ƙofa in ɗaga murya in ce, "Ramatu." Ta rugo ta ce ga ni. In ce ba komai, je ki abinki.